Daga Rijiyoyin Salaga Zuwa Ledar Ruwa

A watan Maris da ya gabata, lokacin da rana ke dukan kwano kamar za ta narkar da shi, aka kawo wata ƙara zauren dattijon da nake yi wa aikin magatakarda a nan Kanvili. Maƙwabta ne biyu, bututun famfo ɗaya ya ratsa ƙofar gidajensu. Mai gidan sama ya sayi babban tanki ya haɗa masa injin zuƙo ruwa, saboda haka duk daren da famfo ya kawo, kafin ruwan ya gangara gidan ƙasa injin ya riga ya shanye shi. Gari na wayewa kuma sai a ga yaransa suna wanke mota da tiyo, ruwa yana bin kwata. Mai gidan ƙasa mace ce da mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu. Dattijo ya saurari kowa. Bai taɓa maganar injin ba tukuna, sai ya dubi mai tanki ya ce, "Alhaji, ruwa nawa gidanka yake ci a yini?" Alhaji ya yi jim, ya ce wallahi bai taɓa lissafawa ba. Aka juya ga matar. Ko numfasawa ba ta yi ba ta ce, "Baba, jarka shida. Ranar wanki tara."

Na rubuta amsoshin nan biyu a littafin zaure, kuma tun ranar ba su bar zuciyata ba. A 'yan shekarun nan samarinmu suna dawowa daga tarurrukan ƙara wa juna sani da zancen sauyin yanayi, suna karanta mana nasihohi: a tattala ruwa, a rage leda, a dasa itace. Nasihohin ba su da aibu. Abin da yake damuna shi ne ana faɗinsu kamar kayan da jirgi ya sauke jiya, alhali wannan ƙasa ta daɗe tana koya wa mazaunanta awo, kuma ta koya musu ne da bulala.

Mu fara daga inda kakanninmu suka fara. Abin da ya kawo Bahaushe wannan yanki goro ne. Ayarin fataken Gwanja yakan taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da kayan fata da dabbobi, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya biyo ta Yandi har ya sauka Salaga, inda goron Asante yake jira. Tafiya ce ta watanni, kuma aikin madugu da jagaba rabinsa lissafin ruwa ne: ina mashaya ta gaba, kwana nawa tsakaninta da wadda aka baro, jakai nawa za ta iya shayarwa. A dawowa nauyin yakan ƙaru, domin goro ba ya son bushewa. Sai an naɗe shi cikin ganye, ana kwance huhu lokaci-lokaci ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa. Farke yana raba abin da ke salkarsa tsakanin maƙogwaronsa da dukiyarsa.

Ita kanta Salaga gari ne mai ƙishi. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasar Hausa a shekarun 1850, bai taka Salaga ba, amma labarin da fatake suka ba shi ya isa: kasuwar goro ce da ake sayar da ruwa a cikinta. Mutanen garin suka amsa wa ƙishin da haƙa, har aka yi masa kirari da garin rijiya dubu. Yawancinsu ƙananan ramuka ne masu ƙaramin baki da aka sassaƙa cikin dutse, suna tara ruwan damina su riƙe shi zuwa rani. Wasu suna nan har yau, duk mai zuwa Salaga yana iya leƙa su. Amma kada daɗin labari ya sa mu tsallake ɗacinsa. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma hannuwan da suka yi yawancin haƙar da jan gugar ba hannuwan 'ya'ya ba ne.

Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, goro ya soma kauce wa Salaga. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa ta. Malamai da fatake suka bazu, wasu Kete Karaci, inda Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu arewa cikin ƙasar Dagbon. A 1907 Turawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu na Arewa daga Gambaga suka dawo da ita Tamale, wadda a lokacin tarin ƙauyukan Dagwamba ce. Zango ya kafu, kasuwa ta buɗe, jikokin mutanen Salaga suka sami sabon masauki a hannun masu ƙasa.

Sai dai sun gudu daga ƙishi ne sun faɗo wani. Tamale ba ta bakin kogi, kuma dutsen da ke ƙarƙashinta irin wanda ba ya riƙe ruwa ne. Shi ya sa har yau mutum zai kashe kuɗi ya kira masu haƙar burtsatse, a nutsa ƙasa a fito da ƙura, ko a sami ruwa mai gishiri. Sama kuwa ba ta yi mana rowa ba: ruwan da ke sauka a Tamale a shekara yana kai milimita 1,000 ko ya ɗan haura. Matsalar ita ce yana zubowa cikin wata biyar zuwa shida, sa'an nan ya ɗauke ɗif. Duk tarihin ruwa a garin nan tarihin tambaya ɗaya ce, wato yadda za a riƙe na Agusta ya kai Maris. Turawa suka yi madatsa a gefen gari, unguwanni da ƙauyuka kuma kowanne da tafkinsa, wanda ake yashewa da gayya idan ya ƙafe. Ranar yasa ba a aika wa kowa takarda. Ganga ce za ta yi magana, maza su fito da diga da kwando, mata su kawo koko.

A gidan da na tashi, kakata ce mai mulkin ruwa, kuma mulkinta ba shi da ɗaukaka ƙara. Randa uku ne a gindin bango, a binne rabi cikin yashi mai laima. Ta farko ta sha ce, da moɗarta da faifan rufi, yaro bai isa ya tsoma hannu ba. Ta biyu ta girki, ta uku ta sauran hidima. Ruwa ɗaya yakan yi aiki uku kafin ya taɓa ƙasa. Wanda aka wanke hatsi da shi na awaki ne. Na ɗaurayar kwanuka yana komawa wankin tukunya. Na wankan yara a kwatarniya ake tare shi, a kai gindin gwanda da zogale a bayan ɗaki. Idan hadari ya haɗo, duk abin da ke da ciki a gidan, daga masaki har tukunyar tuwo, sai ya fito ya jeru. Ba ta taɓa jin kalmar muhalli ba. Abin da ta sani shi ne kowane tulu a kan wuyan wata ya zo, kuma ta san nisan tafkin da ƙafarta.

A makarantar zaure kuma aka ba mu ma'aunin abin. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta wurin da aka yi bayanin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i, wato mudu huɗu, kuma ƙaranta ruwa tare da kyautata wankin gaɓɓai shi ne sunna. Mudun nan bai kai lita ɗaya ba. Ya ɗan ɗara ledar ruwa guda da muke saya a bakin titi. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, yakan zuba wa almajiri ruwa a ƙaramin gwangwani ya ce ya yi alwala a gabansa, in ya ƙare kafin ƙafa, sai ya sake karatun babin. Yau ku tsaya a layin famfunan kowane babban masallaci ranar da ruwa ya zo, ku ga yadda ake sake kan famfo tun daga niyya har wanke ƙafa, ana gaisawa da na kusa. A ganina buta ta fi famfon alwala kusa da abin da muka karanta, ko da ta roba ce.

Kada wani ya ɗauka ina kiran a koma zamanin kakata ne. Na ga kuɗin da aka biya. Ruwan tafki shi ne ya raba wa mutanenmu kurkunu, kuma wanda bai ga ƙato yana kwance wata biyu ana naɗe tsutsa a tsinke daga ƙafarsa ba, a daidai lokacin da gona ke nemansa, bai san abin da famfo ya raba mu da shi ba. A ƙidayar 1989 an sami masu kurkunu kusan 180,000 a Ghana, kuma Arewa ce ta ɗauki kaso mai nauyi. Da ruwan famfo ya sami tangarɗa a 2006, mutanen Savelugu suka koma tafki, shekara na zagayowa cutar ta barke, har tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo garin a Fabrairun 2007 ya ga yara suna kuka da idonsa. Sai a watan Mayun 2010 aka ga mai cutar na ƙarshe a Diare, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da rabuwar Ghana da ita a 2015. Ban da cuta, akwai 'yan matan da tulu ya hana su karatu. Tattalin da muke yabo a wuyansu aka ɗora shi.

Saboda haka ranar da aka jawo ruwa daga kogin Volta a Nawuni, aka tace shi a Dalun aka turo Tamale a farkon shekarun 1970, rahama ce ta sauka. Amma garin da aka yi wa aikin mutanensa ba su fi 84,000 ba a ƙidayar 1970. A 1984 sun kai wajen 136,000, a 2000 sun haura 200,000. An faɗaɗa Dalun a 2008, gari ya sake tsere mata. A ƙidayar 2021, Tamale da Sagnarigu, wadda Kanvili take cikinta, sun haura mutum 700,000 in an haɗa. An aza harsashin sabon aikin da zai jawo ruwa daga Yapei a 2020, shekaru suka shuɗe ana jira. Masu ɗibar yashi kuma suna ta dagula kogin a Nawuni, yashin da mu ɗin nan muke saya mu yi bulo. Sakamakon shi ne rawayar jarkar nan da aka laƙaba wa sunan Kufuor ta gaji tulu, babur mai ƙafa uku ya gaji wuyan 'yan mata a gidan da ke da hali, a gidan da babu kuwa wuyan yana nan yana aiki.

Abin da famfo ya ɗauke mana ba tare da mun lura ba shi ne awo. Mai jan ruwa ya san nauyinsa, mai murɗa famfo bai sani ba. Gari ya rabu biyu, masu ƙirga jarka da waɗanda ba su taɓa ƙirgawa ba, kuma sau da yawa bututu ɗaya suke sha.

Ina da shekara goma sha uku a 1983, shekarar da ba a mantawa. Damina ta gaza, wutar daji ta cinye gonaki har kudu, ga kuma 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya da Najeriya ta koro a farkon shekarar sun dawo da baki buɗe. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, aka yi masa suna sarƙar Rawlings. Tafkin Akosombo ya ja baya, aka shiga rabon wutar lantarki. Abin da na riƙe daga shekarar shi ne gidajen da suka tsaya da ƙafarsu su ne waɗanda ba su yar da tsohon ilmi ba. Garin ɗorawa ya zama abincin rana. Kuka da busasshiyar kuɓewa da kalwa da man kaɗe, waɗanda tsofaffi suka adana ana yi musu dariya, su suka riƙe tukunya. Itatuwan da suka ciyar da mu a shekarar ba wanda ya dasa su domin fari. An dai hana sare su ne tun kaka da kakanni.

Hanin kuwa doka ce mai haƙori. A al'adar Dagbon ɗorawa tana ƙarƙashin sarauta, ko a gonarka ta tsiro akwai mai kula da ita, ba ka taɓa ta yadda ka ga dama. Kaɗanya kuma dukiyar mata ce, manomi yana share gona ya kewaye ta. Wasu ma suna cewa sunan Tamale daga sunan 'ya'yan kaɗanya ya samo asali a harshen Dagbani. Itaciya ce da takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara haihuwa, amma mai gawayi yana gama da ita a wuni guda, kuma gawayinta ne masu kurfoti suka fi so saboda yana daɗewa. Kanvili da na sani ina yaro gonaki ne da kaɗanya ta ko'ina. Da aka yanka filaye, abin da mai sabon fili yake fara yi shi ne ya kira mai inji ya kwantar da duk abin da ke tsaye, ya zuba siminti daga ƙofa har bango, ya rufa kwano, sa'an nan a watan Maris ya fito da tabarma waje yana cewa duniya ta yi zafi. Kwari da hanyoyin ruwa ma ba su tsira ba, an cike wasu an yi gini, shi ya sa unguwar da ke sayen ruwa a Maris take kwashe shi daga ɗaka a Satumba.

Gwamnati ta gwada mayar da abin da aka sare. Hukumar SADA, wadda aka kafa a 2010, ta ba da kwangilar dasa itace miliyan biyar a Arewa, zuwa 2014 labarin da ya fito shi ne yawancinsu sun bushe ko wuta ta cinye. An fara ranar dashen itace ta ƙasa a Yunin 2021, ana raba tsirrai kyauta. Ra'ayina, kuma ra'ayi ne kawai, itacen da ba shi da mai shi maraya ne. Dogon yaro ɗaya da tsohuwa take zuba wa ruwan alwalarta a ƙofar gida ya fi ɗari da aka dasa aka ɗauki hoto.

Leda ita ce ta zo ƙarshe. Muna yara ruwan sanyi a kofi ake sayarwa, kofi ɗaya bakin kowa, daga baya aka koma ƙulla shi a farar leda da hannu, a shekarun 1990 kuma na inji mai rabin lita ya shigo. Ya fi kofin tsabta, wannan ba gardama. Amma wake da shinkafa da ake zubawa a ganye, da koko da ake kai wa kwano, da fura da ake damawa a ƙwarya, duk sun bi shi cikin leda. Ganye akuya ce take cinye shi ta ƙoshi. Leda ma tana ci, sai dai mahauta su suke ganin inda take taruwa. Saura kuma ta toshe kwata ta jira ruwan farko.

Game da yanayin kansa, ba mu ne muka hura wutar ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma ko duk Kanvili ta daina girki ba zai rage zafin bazara ba. Amma zafin Ghana ya ƙaru da kusan digiri ɗaya tun daga 1960, damina kuma ta zama mai saɓa alkawari. A 2007 fari ya fara, ambaliya ta biyo baya, ga ruwan da aka sako daga madatsar Bagre ta Burkina Faso. A 2024 ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, masara ta bushe a tsaye, har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a watan Agusta. Tattalin cikin gida ba zai gyara sama ba. Amfaninsa shi ne ya sa gida ya iya jure abin da saman ta zo da shi, kamar yadda rumbun tsofaffi ya yi a 1983.

A nan ne kwanon da nake zargi yake da ranarsa. Jinkar kakata ba ta tara ruwa mai tsabta, kwano yana tarawa. Rufin da ya kai mita goma a tsawo, goma a faɗi, idan ruwan shekara ya kai milimita 1,000, lita 100,000 ce take sauka a kansa, wato jarka 4,000 mai cin lita 25. A lissafin matar nan mai jarka shida, wannan ya fi abin da gidanta yake sha a shekara ɗaya da rabi. Ba mai iya adana shi duka, tanki yana da tsada, na farkon damina kuma sai an bar shi ya wanke ƙurar rufi. Amma ku zaga unguwa ku ƙirga gidajen da suka sa wa kwanonsu indararo. Mutanen Salaga sun sassaƙa dutse domin su riƙe abin da mu muke bari ya bi titi.

Hukuncin da dattijo ya yanke ranar bai yi tsawo ba. Alhaji zai kashe injinsa har sai gidan ƙasa ya cika jarkokinsa, sa'an nan ya kunna. Wankin mota da tiyo ya tsaya sai damina. Ya kuma roƙe shi, roƙo ba umarni ba, ya sa wa dogon rufinsa indararo ya juya bakinsa cikin tankin da ya riga ya mallaka. Alhaji ya karɓi biyun farko nan take, na ukun ya ce zai tambayi mai walda kuɗin aiki. Da za su fita dattijo ya ce mini in buɗe sabon shafi in rubuta gidajen layin nan goma sha ɗaya, kowanne da yawan jarkar da yake ci a yini. Na bi su gida-gida cikin mako guda. Gida bakwai matan suka ba ni amsa daga bakin ƙofa. Huɗu har yanzu shafinsu fari ne, sun ce in dawo.